Takardar tambayoyi za ta iya auna yadda babba ke lura da tunaninshi? Amsa ga mai digiri na biyu

Tambayar da ɗan'uwa ya turo a taƙaice ita ce: yana digiri na biyu a fannin ilimi nan Sakkwato, yana son ya auna yadda manya ke lura da tunaninsu lokacin koyo, wato ko mutum ya san abin da ya gane da abin da bai gane ba, kuma ko yana iya canza dabara in ya ga karatu ya ƙi shiga. Mutanen da zai bi kashi biyu ne, malaman firamare masu karatun NCE na ƙarshen mako da kuma 'yan ajin yaƙi da jahilci wajen Wamakko da Kware. Sufabaiza ya ce mai ya nemo ma'aunin da anka riga anka gwada, shi kuma ya samo MAI (Metacognitive Awareness Inventory), wata takardar tambayoyi ta auna lura da tunanin kai, a intanet. To ta isa ita kaɗai? Ya fassara ta zuwa Hausa? Kuma ƙaƙa zai haɗa maki?

Malam sannu da ƙoƙari, Allah shi ba da sa'a. Amsar farko dai a'a, ba ta isa ita kaɗai ba. Ka yi amfani da ita ba laifi, amma ka san mi take kawo ma. Abin da za ka samu cikinta shi ne ra'ayin mutum game da kanshi, yadda yake ganin yana karatu. Ko da gaske hakan yake yi in ya zauna gaban littafi, wannan wata magana ce daban kuma takardar ba ta da hanyar gane ta.

Bari in ɗan faɗa ma inda ta hito don za a tambaye ka ranar difens. Maganar lura da tunanin kai John Flavell ne ya fito da ita sosai a shekarun 1970, takardarshi ta 1979 ita kowa ke ambatawa, kuma shi da yara ya fi aiki. A 1994 Gregory Schraw da Rayne Dennison sunka tsara MAI don manya, jimloli 52. Sunka kasa su gida biyu. Gida na farko jimla 17, abin da mutum ya sani game da kanshi a matsayin mai koyo, da dabarun da yake da su, da lokacin da kowace dabara ta dace. Gida na biyu jimla 35, yadda yake tafiyar da koyon: shiri kafin farawa, tsara bayani, bibiyar ko yana ganewa, gyara in ya ɓata, da duba aikin bayan ya ƙare. A takarda ƙananan rassa 8 ne, amma da sunka yi lissafi manyan gidajen nan biyu ne sunka tsaya da ƙafafunsu, rassan takwas ba su rabu yadda anka zata ba. Wanga ka riƙe shi da kyau, don ina yawan ganin ɗalibai suna kawo tebur takwas kowane da nashi sharhi kamar abu ne tabbatacce. Sannan manyan da sunka gwada ta kansu ɗaliban jami'a ne a Amurka, ba magidanta masu shekara hamsin ba.

Ga abin da ya fi komi muhimmanci kuma yana cikin takardar su Schraw ɗin kanta, ba wani ɗan adawa ne ya faɗe shi ba. A gwajinsu na biyu sun ba ɗalibai jarrabawar fahimtar karatu, sunka ce kowa ya faɗi yawan tabbacin da yake da shi kan amsoshinshi. Makin gida na farko ya tahi tare da yadda mutum ya yi hasashen iyawarshi ta lura da kanshi tun kafin jarrabawa, ya kuma tahi tare da abin da ya ci, amma bai da alaƙa da daidaiton lurarshi, wato ko inda ya ce ya tabbata nan ne ya ci, inda ya yi shakka nan ne ya faɗi. To ka gani, abin da kake son aunawa ke nan fa, kuma tun ranar farko ma'aunin bai kamo shi ba. Bayan su Marcel Veenman na Leiden a ƙasar Holan ya daɗe yana nuna abu guda, in ka kwatanta abin da mutane sunka cika a takarda da abin da anka ga suna yi lokacin da suke cikin aiki, dangantakar rauni gare ta ƙwarai.

Masu kare takardar tambayoyi suna da hujja, kuma ban raina ta ba. Suna cewa mai ɗaki shi ya san inda yake mai yoyo, tunani cikin kai yake, wa zai faɗa ma abin da ke ciki in ba mai shi ba? Gaskiya ne akwai abin da sai shi zai iya faɗi. Matsalar ita ce nan abin da muke tambaya shi ne ko ya iya gane yoyon, kuma wanda bai iya ba bai san bai iya ba, sai ya ce ma ɗakinshi lafiya lau da zuciya ɗaya, ba ƙarya yake ma ba. Akwai jimla cikin MAI da ma'anarta ita ce mutum ya iya kimanta yadda ya fahimci abu. Ka duba wa zai ce eh ƙwarai ga wagga jimla: wanda ya iya da gaske, da wanda bai taɓa gwada kanshi ba balle ya ga ya faɗi. Wanda kuma ke yawan kama kanshi da kuskure, wanda shi ne mai lura na ainihi, mai yiwuwa ya ce ma "wani lokaci". Ka zo haɗa maki ka sa shi ƙasa da wancan.

Richard Nisbett da Timothy Wilson a 1977 sun yi wani ɗan gwaji da nake son ba ɗalibai labari. Sun jera safar mata guda huɗu iri ɗaya sak a kan tebur, sunka ce masu wucewa su zaɓi wadda ta fi kyau. Mutane sunka fi ɗaukar ta hannun dama. Da anka tambaye su dalili sai kowa ya kawo nashi, wannan ta fi laushi, wannan saƙarta ta fi, da anka ce ko wurin da take ne ya ja su sai kusan duk sunka musa. Mutum yana ba da bayanin tunaninshi da abin da ya ga ya dace ya zama dalili. Sai kuma Justin Kruger da David Dunning a jami'ar Cornell 1999, waɗanda sunka zo a rubu'in ƙasa a gwajinsu, matsayinsu na gaskiya wajen 12 cikin 100, sun sa kansu wajen 62. Akwai masu lissafi da ke cewa wani ɓangare na wanga sakamako yanayin alƙaluma ne ya haifar da shi, don haka kada ka ɗora kaya da yawa kanshi, amma dai ya ishe ka ka yi hattara da "na iya" da anka rubuta a fom.

Yanzu mu dawo gida, don nan ne aikinka zai tsaya ko ya zube.

Malaman firamarenka da sauƙi, suna cikin karatu, akwai lakca akwai handawut akwai jarrabawa, jimlolin sun yi daidai da rayuwarsu. Abin tsoro gare su shi ne sun san amsar da ake so. Sun yi kwas ɗin ilimin halayyar koyo, duk wanda ya ga "nakan tsara manufa kafin in fara aiki" ya san malamin kirki eh zai ce, in kuma a aji ka raba takardar lakcara na tsaye bakin ƙofa to shi ke nan kowa ya zama gwani. Ka raba ba tare da lakcaran ba, ba suna ba lambar rajista, kuma ka faɗa masu da bakinka cewa ba ta shafi makinsu ba.

'Yan ajin manya kuwa aiki ne ja. Ka ɗauki magidanci ɗan kasuwar albasa da ke zuwa aji bayan la'asar, bai iya karanta boko da sauri ba don haka mataimakinka ne zai karanta mai. Suna zaune kan tabarma, abokan ajinshi uku sun matso suna saurare. Yaro ya karanta: nakan zana hoto ko jadawali don in gane abin da nake koyo. Dattijo ya dube shi ya ce haka ne. Nakan yi amfani da tsarin rubutun littafi don ya taimake ni. Haka ne. Na san abin da malami yake son in koya. Ƙwarai kuwa. Kafin a kai jimla ta ashirin ya gaji, ya lura in ya ce haka ne yaron na wucewa da sauri, kuma dama ba ya son ya ba baƙo kunya. Jimlolin MAI duka 52 fuska guda sunka kalla, ba wadda anka juya, ko'ina eh ita ce amsa mai kyau, to mai kara da mai gajiya duk za su hito da maki sama. Can gefe kuma ga wani almajirin zaure da anka tarbiyyantar kan cewa yabon kai ba kyau, ka ce mai ko ya iya kimanta fahimtarshi ya ce Allah shi ne masani, mu dai muna ƙoƙari. Yaro ya rasa inda zai sa alama ya dangwala a tsakiya. In ka zo nazari ka ce wancan ya hi wannan lura da tunani, wallahi ka zalunci na biyun.

Alhali mutanen ga suna da abin da kake nema, jimlolin ne ba su taɓo shi ba. Ɗan kasuwar nan yana riƙe da bashin mutum goma a kai, ya san wanne ne yake yawan shige mai har ya sa ɗanshi ya rubuta, in ya ƙirga kuɗi ya ji jikinshi bai ba shi ba ya sake ƙirgawa. Wanda ya yi tsangaya ya san ayoyin da ke kama da juna inda haddarshi ke zamewa, ya san ya ware masu lokaci a tilawa, ya rubuta allo da ka ya kai a duba mai don ya gwada kanshi. Wannan shi ne shiri da bibiya da gyara, sak abin da gida na biyu ke nufi. Ni a ganina in ka kai masu MAI yadda take, abin da za ka auna shi ne kusancin mutum da makarantar boko.

Don haka batun fassara, eh ka fassara amma fassara kaɗai ba ta warkar da wanga ciwo. Ka bi hanyar da Richard Brislin ya bayyana a 1970: mutum ɗaya ya juya ta zuwa Hausa, wani daban da bai taɓa ganin ta asali ba ya maido ta Turanci, ku zauna ku kwatanta. Ga sashen harsunan Nijeriya nan a jami'ar Ɗanfodiyo, ba ka rasa mai taimaka ma. Sai dai ka roƙe su Hausar da ake magana da ita a Kware, ba ta littafi ba. Bayan nan sai matakin da kowa ke tsallakewa kuma ya fi na farko amfani: ka samu mutum kamar takwas ko goma irin waɗanda za ka bi, ɗaya bayan ɗaya, ka karanta jimla ka ce baba mi ka fahimta da wagga magana, ba ni misalin ranar da ka yi haka. In ya kasa kawo misali ko ya kawo abin da bai da alaƙa, jimlar ba ta aiki, ka gyara ko ka cire. Kuma duk abin da ka canza ka rubuta shi a babi na uku, ka kira ta wadda anka daidaita, kada ka ce MAI ce tsantsa.

Shawarata ma kada ka ɗauki 52 ɗin. George Harrison da Lisa Vallin a 2018 sun sake nazarin ta sunka hito da gajera mai jimla 19 wadda ta zauna daidai kan gidajen nan biyu. Jimla 19 da baki ana iya gama ta kafin mutum ya ƙosa. Kuma tana rage ma yawan mutanen da kake buƙata, don ƙa'idar da aka saba bi in za a duba rabuwar gidaje ita ce mutum 5 zuwa 10 ga kowace jimla, ka ga 52 na neman 260 zuwa 520, ita ko 19 daga 95 zuwa 190. A kuɗin mai na yanzu wannan ba ƙaramin bambanci ba ne.

Akwai wasu ma'aunai da za ka ci karo da su, in faɗa ma a gurguje don kada ka ruɗe. MSLQ ta su Paul Pintrich 1991 jimla 81 ce, ta haɗa da kwaɗayin karatu kuma an yi ta ne don kwas guda takamaimai. MARSI ta Mokhtari da Reichard 2002 jimla 30, dabarun karanta rubutu kawai. MAIT ta Balcikanli 2011 jimla 24 don malamai ce game da koyarwarsu, in abin da kake so ke nan ga 'yan NCE ɗinka to ka dube ta. Wadda nake gargaɗinka kanta ita ce MCQ-30 ta Wells da Cartwright-Hatton 2004, sunan ya yi kama amma ta asibiti ce, tana auna abin da mutum ya yarda da shi game da damuwa da saƙe-saƙen zuci. Na taɓa ganin furojet da anka ɗauko ta anka raba ma ɗalibai don a auna dabarun karatu, har anka kai babi na biyar ba wanda ya lura.

To mi za ka haɗa da takardar? Ƙaramin aiki na gaske wanda mutum zai yi gabanka, da hasashe. Ba ya cin kuɗi. Ka shirya tambaya 10 daidai ƙarfinsu, ga malamai gajeren rubutu da tambayoyin fahimta, ga 'yan ajin manya labari da za a karanta masu ko lissafin ciniki irin na buhu da canji. Kafin a fara ka ce cikin goman nan nawa kake jin za ka ci. Bayan kowace amsa ka tambayi yawan tabbacinshi. Ga wanda bai saba da alƙaluma ba ka aje mai ƙwayar wake 10 da faranti, in ya tabbata sarai ya zuba duka, in rabi da rabi ne ya zuba biyar, in cinta ce kawai ya zuba ɗaya ko biyu. Ba ni na ƙirƙiro ba, Adeline Delavande da Hans-Peter Kohler sun yi amfani da wake 10 a ƙauyukan Malawi don su auna yadda mutane ke kimanta yiwuwar abu, kuma ta yi aiki. A ƙarshe ka sake tambaya, yanzu nawa kake jin ka ci.

Misali, wani ya ce zai ci 8 ya ci 5, tazara 3 ta sama, ya kai kanshi inda bai kai ba. Wata ta ce 4 ta ci 7, tazara 3 ta ƙasa. Wani ya ce 5 ya ci 5, kuma da ka duba wakenshi inda ya zuba tara da goma nan ya ci, inda ya zuba biyu nan ya faɗi. Na ukun nan bai hi kowa ci ba amma shi ne ya hi su sanin kanshi, kuma wannan duban na biyu, ko wake ya bi daidai da kuskure tambaya bayan tambaya, ya fi tazarar jimilla ƙarfi don ita tazara tawali'u ko cika baki na iya ja ta. Sai ka ɗauko makinsu na MAI ka aza gefe ka ga ko sun tahi tare. In sun tahi, madalla. In ba su tahi ba kada gabanka ya faɗi, sakamako ne mai kyau, shi ne ma abin da su Schraw sunka samu, kuma kai ka same shi cikin Hausa ga mutanen da ba su ne anka tsara ma'aunin dominsu ba. In da sauran ƙarfi ka zaɓi mutum kaɗan ka sa su yi aikin suna faɗin abin da ke zo masu a rai da babbar murya kana ɗauka a waya, hanyar da Ericsson da Simon sunka kafa ma ƙa'ida tun 1980. Rubuta ta na da wahala shi ya sa na ce kaɗan.

Haɗa maki kuma. Asalin MAI layi ne mai tsawon milimita 100, ƙarya a gefe gaskiya a gefe, mutum ya sa alama inda ya ga dama. Wadda ke yawo a intanet mai eh ko a'a daga baya ta zo, kuma ita ce mafi rauni don ba wurin mai "wani lokaci". Ka yi matakai biyar na yawan aikatawa, daga ban taɓa ba zuwa kullum, ya fi na yarda ban yarda ba sauƙin amsawa da baki. Ka hidda maki biyu, na gida na farko da na biyu. Don Allah ka bar al'adar nan tamu ta cewa duk abin da matsakaicinshi ya wuce 2.5 ko 3.0 an karɓa, sai a rubuta "manya a Sakkwato suna da babban matakin lura da tunani". Ba wani ma'aunin ƙasa da anka kafa wanda zai ce daga nan ne babba, kuma da jimlolin da duk eh ce amsarsu mai kyau dole matsakaici ya hau. Kwatanci shi ne abin da makin ke iya yi, tsakanin rukuni da rukuni ko kafin horo da bayanshi, shi ma malamai da 'yan ajin manya kada ka gwama su kai tsaye tunda waɗancan da hannunsu sunka cika waɗanga karanta masu anka yi.

Haka alfa ta Cronbach. SPSS, manhajar lissafin alƙaluma, zai ba ka 0.9 ka yi murna, su Schraw ma 0.90 sunka samu. Abin da take nunawa kawai jimlolin na tahiya tare, kuma yawan jimloli na ɗaga ta, dattijon nan mai haka ne haka ne shi ma yana ɗaga ta. Ka kawo ta don za a nema, amma kada ka rubuta cewa ta tabbatar ma'aunin na auna abin da ya ce.

Sauran ƙananan abubuwa na fili: ajin mata ka tura mace, kowa a keɓe shi nesa da kunnen 'yan ajin, ka bi ta hukumar ilimin manya ta jiha da mai unguwa kafin ka shiga, kuma tun farko ka bayyana cewa ba rajistar tallafi ba ce, don da an ga baƙo da fom da biro abin da ke zuwa ran mutane ke nan kuma yana canza amsa. Aikin wake ka fara yi ko takardar? Takardar tukuna, in ya riga ya ga ya faɗi tambaya biyar zai amsa jimlolin da sanyin jiki. Taken furojet ɗin kuma ka je ka samu sufabaiza ku sa "yadda suke ganin kansu" a ciki in har takardar kaɗai ya yarda ka yi, in ya amince da aikin hasashen sai ku bar taken yadda yake ku ƙara tambayar bincike guda kan ko biyun sun dace da juna.